Kundin Aiki: Yadda Ake Sa wa Man Gyaɗa Suna a Garwa

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Aikin na wata ƙungiyar mata ce mai mutum 14 a nan Garwa, arewacin Kamaru, masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli da dakan yaji. Man nasu yana da kyau, waɗanda suka taɓa saye sun shaida, amma ba shi da suna. A tsofaffin gorunan ruwan sha ake zuba shi, wani lokaci ma da takardar ruwan gora na Tangui a jiki ba a ɓare ba, a jera shi a tebur kusa da na wasu mutum goma da ke cikin irin wannan gora. Matar da ta saya yau ta ji daɗinsa, ranar da ya ƙare ba ta da abin da za ta faɗa wa yaron da za ta aika sai "je ka sayo man gyaɗa". Yaro kuwa teburin da ya fi kusa zai tsaya.

A nan ɓarnar take. Mai yanke shawarar saye tana cikin gida, wanda ke zuwa shago ɗan aike ne. Tsakanin bakin uwa da kunnen mai shago akwai yaro ɗan shekara tara da tafiyar minti goma da wasan ƙwallo a hanya. Duk sunan da bai tsallake wannan tazara ba, ado ne kawai a jikin gora. Saboda haka ma'aunin aikin nan guda ne: a iya aiken yaro ya dawo da man nan ba wani ba, kuma wanda ya dawo da shi ya zama daidai da na wancan makon.

Ba za a rubuta sunan ƙungiyar ko sunan da za a zaɓa a cikin kundin nan ba. Manufarsa a ga matakan da abin da ya lalace, ba talla ba.

Talata, 14 ga Janairu

Zaɓen suna ya ci mako guda. An tara sunaye 23, aka zubar da 18 tun kafin a fita waje.

Rukunin farko da ya faɗi shi ne irin su "Mai Kyau", "Na Gida", "Zalla". Kowa na iya faɗin haka game da kayansa, kuma kalmar da bayanin kaya kawai take yi ba ta samun kariyar doka a matsayin alama. Na biyu, duk sunan da ke ɗauke da sunan Allah ko lafazin addini. Gora a bola take ƙarewa, ko a bayan gida ta zama buta, kuma akwai masu saye da yawa da wannan zai dame su, da gaskiyarsu.

Rukuni na uku ya fi ba da aiki. Garwa gari ne da Fulatanci ke riƙe da kasuwa, Hausa na biye, rubutun boko kuma da idon Faransanci ake karanta shi. Fulatanci yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ ko ts, don haka suna mai waɗannan baƙaƙe yakan karkace a bakin wanda ba Bahaushe ba. Wanda ya yi makarantar Faransanci idan ya ga "ci" zai ce "si", idan ya ga "gi" zai ce "ji", "s" tsakanin wasula biyu ta koma masa "z", "u" kuma sai an rubuta masa "ou". Ga shi wayoyi da yawa ba su da baƙaƙe masu lanƙwasa, mai neman sunan a Facebook ba zai rubuta shi daidai ba. Abin da ya rage lafiya shi ne wasulan a, i, o tare da b, d, k, l, m, n, r, t, gaɓa biyu ko uku.

Biyar da suka tsira an gwada su da yara 20, da izinin iyayensu, huɗu ga kowane suna. Ana faɗa wa yaro sunan sau ɗaya tak, a aike shi wani shago da aka shirya da mai shi, mai shagon ya rubuta abin da ya ji. Suna ɗaya yara huɗu duka suka kai shi daidai. Wanda matan ƙungiyar suka fi so, mai gaɓa huɗu kuma mai ma'ana mai daɗi, yaro ɗaya kaɗai ya isa da shi. An sha muhawara, aka bi yaran.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kasuwar Pitoa, gari da ke kusa da Garwa, sannan babbar kasuwar Garwa da yamma, domin duba launi. An tsaya nesa da teburan mai kamar mita uku, daidai inda mai wucewa yake, ana lura da abin da ido ke fara kamawa. Rawaya da ja da kore sun cika wurin. Man kansa rawaya ne, haka yawancin takardun man kamfani. Shuɗi mai duhu kusan babu. An tsayar da shi: murfi shuɗi, takarda shuɗiya da farin rubutu, launi biyu ba ƙari. Kowane launi na uku ƙarin kuɗi ne a wasu hanyoyin bugu, kuma ƙarin abin da zai iya sauyawa daga wannan bugu zuwa wancan.

Hoto kuma turmi da taɓarya, zane mai kauri ba inuwa. An ƙi hoton ƙwayar gyaɗa domin kowa zai iya sa shi, kuma ba a iya kiran kaya "mai gyaɗa" a teburin man gyaɗa. Hoton da ake so shi ne wanda ke da suna a bakin kowa da kowane harshe, wanda wanda bai yi boko ba zai iya nunawa da yatsa. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta.

Talata, 28 ga Janairu

An shigar da takardun rajistar alamar, kafin a buga ko takarda ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, a Kamaru hukumar OAPI ce ke rajistar alamun kasuwanci, hedkwatarta tana Yawunde, tana aiki ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Chadi da Nijar da Afirka ta Tsakiya, kuma rajista ɗaya ta game su duka. Wato idan wata rana man ya tsallaka gadar Ngueli daga Kusseri ya shiga Njamena, ko ya bi ta Lere da ke Chadi, sunan yana da kariya a can. Najeriya ba ta ciki. Yola tana kusa, amma wanda ke son kai kaya can da suna sai ya yi rajista daban a Najeriya, ga kuma batun NAFDAC tunda abinci ne.

Dalilin gaggawar shi ne wanda ya riga ajiye takarda shi ke da alama, ba wanda ya riga amfani da ita a kasuwa ba. Mutum na iya shekara uku yana gina suna, wani ya riga shi ofis da mako guda. Kariyar shekara 10 ce, ana sabuntawa, kuma alamar da aka yi shekara biyar a jere ba a yi aiki da ita ba ana iya neman a soke ta. Kafin a biya kuɗi an nemi a bincika ko akwai mai kama da ita, domin kuɗin da aka biya ba ya dawowa idan wani ya tashi da ƙorafi.

Kayan sun faɗa rukuni biyu na tsarin Nice, wanda ake rarraba kaya da shi wajen rajistar alama: man girki a rukuni na 29, yaji a na 30. An ɗauki duka biyun ko da yake yajin bai fito ba tukuna. An kuma shigar da sunan tare da zanen turmin, ba sunan kaɗai ba. An sa alamar da sunan ƙungiyar, ba da sunan shugabarta ba, kuma an rubuta haka a littafin taro kowa ta sa hannu. Ƙungiyoyi da dama a irin wannan gaɓar suke watsewa daga baya.

Wata ta tambaya me ya sa ba za a kira shi "Man Garwa" kawai ba, kamar yadda ake cewa masoron Penja ko farar zumar Oku. Waɗannan biyun tun 2013 suke da rajista a OAPI, amma rajistar alamar yanki ce, mallakar duk masu noman wurin da suka bi ƙa'ida. Ƙungiya ɗaya ba ta mallakar sunan gari.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Lissafi. Da yawa sukan fara da zane su ƙare da lissafi, sai su tarar sun buga takarda dubu ta girman gorar da ba ta da riba.

Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100 an saye shi sefa 60,000. Bayan tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna da tsakuwa, kilo 94 ya rage. Tsintar ba abin wasa ba ce, domin a ƙwayar da ta yi fumfuna gubar aflatoksin take, kuma mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli da yaji. Itacen suya 2,500, niƙa 5,000, ladan aiki 6,000, dako 1,500. Jimla 75,000. Man da ya fito lita 34. Tunkuzar, bayan an cire kuɗin suyar ƙuli, ta mayar da 30,000. Saura 45,000 a kan lita 34, kusan 1,325 kowace lita.

Sabuwar gora ta lita ɗaya da murfinta 150, takarda 45, ledar tsuke murfi 15, rabon kwali 40. An tashi a 1,575. Mai shago ya ɗauka a 1,800 ya sayar 2,000. Ribar ƙungiya 225, ta mai shago 200.

Rabin lita tana tashi kusan 850, mai shago ya ɗauka 900 ya sayar 1,000. Riba 50 kacal, amma an bar ta, domin ita ce ƙofar shigowar wanda bai taɓa gwadawa ba. An zaɓi 1,000 da 2,000 ne da gangan saboda ƙarancin canji. Farashi kamar 1,850 yana jawo jayayya a bakin kanta, mai shago ya cika da alewa ko ashana, mai saye ta tafi da haushin da za ta ɗora wa man.

Kwatar lita a 500 ita ce kowa ya so, ita ce kuma lissafi ya kashe. Tana tashi 480, mai shago ba zai ɗauka sama da 450 ba. Gora da murfi da takarda ba sa raguwa kamar yadda mai ke raguwa.

An kawo shawarar a ba masu shago jarka mai lita biyar da sunan a jiki, su riƙa aunawa na 100 da na 200. An ƙi, kuma ƙin daidai ne. Jarkar da aka buɗe ba wanda ya san abin da za a ƙara mata idan ta yi rabi, sunan kuma yana nan a jiki yana ɗaukar alhaki.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Gwajin takarda na farko ya lalace duka. An buga 60 a takardar manni ta ofis da injin tawada. Ɗigon mai ɗaya ya gangaro daga baki, takardar ta jiƙe ta zama kamar an shafa mata kitse, shuɗin ya koma toka. Goma sha ɗaya kuma sun ɗago daga gefe cikin kwana biyu, saboda jikin gorar yana da maiƙo da ƙurar hunturu lokacin da aka manna.

Gyara uku. An koma takardar roba mai manni da aka lulluɓe da siririyar leda. Ana goge gora da tsumma mai ruwan sabulu, sannan busasshe, kafin a manna, kuma wadda ke cikawa ba ita ke mannawa ba. An ƙera ɗan akwatin katako da gora ke kwanciya a ciki, da alamar fensir, domin kowace takarda ta zauna a tsayi ɗaya. Gora goma a jere, ɗaya ta karkace, ita ido ke gani.

Sai wata matsalar ta biyo: tawadar hatimi ba ta kama leda, ranar da aka buga tana gogewa da yatsa. An ce wa mai bugu ya bar farin gurbi marar leda, santimita 4 da 1.5. A nan ake buga lambar rukuni, misali 250213-A, wato shekara, wata, rana, da tukunyar da man ya fito.

Abin da ke jikin takardar: suna da baƙaƙe masu tsayin santimita 2, turmi, irin kayan, yawansa, abin da ke ciki, sunan ƙungiya da unguwa da lambar waya, ranar yi, ranar ƙarewa, da "a ajiye nesa da rana". Duka da Faransanci da Turanci, harsunan hukuma biyu na ƙasar, sannan layi ɗaya da Hausa ɗaya da Fulatanci. An cire "yana maganin hawan jini" da wata ta so a sa. Ba a da hujja, kuma wanda ya faɗi abin da ba zai iya tabbatarwa ba a kan abu ɗaya, ya ba da dalilin a yi shakkar sauran.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An ba masu suyar ƙosai da masa da makala (wani irin fanke) su shida rabin lita kowacce. Babu wanda ya san mai kamarsu. Huɗu sun dawo da magana ɗaya: yana kumfa a kasko, har ya so ya zubo.

Ruwa ne. Wajen murza tunkuza ana yayyafa ruwan zafi domin man ya fito, wani yana saura a ciki. Yanzu kowace tukunya ana mayar da ita wuta kaɗan-kaɗan har ta ɗan haura digiri 100, a jira ƙwayoyin kumfa su daina tasowa, a sauke. A bar shi kwana uku a rufe ya kwanta, a tace da farin yadi ninki huɗu, a bar yatsa biyu na ƙasa kada a taɓa. Ba a zuba shi a gora sai ya huce ƙasa da digiri 40, domin gorar roba tana motsewa da zafi, an yi asarar guda tara kafin a sayi ma'aunin zafi na 3,500.

An ɗage fitowa da mako guda. Da an fito da mai kumfa, da masu ƙosai ne za su raɗa masa suna kafin a ji namu.

Litinin, 3 ga Maris

Kaya sun shiga shaguna takwas, daidai da shigowar azumi: biyu a Yelwa, biyu a Fulɓere, ɗaya-ɗaya a Lopere, Rumde Adjiya, Pumpumre da Jambutu. An zaɓi shagon da ke bakin layin gidaje, ba na bakin babban titi ba, tunda ɗan aike ake nema.

Kowane shago kwali ɗaya na lita 12 da ɗaya na rabin lita 12. Kwalin farko sai an sayar a biya, na biyu ba ya sauka sai an biya na farko. An rubuta a rasit mai kwafi biyu. Biya da hannu ko ta Orange Money ko MTN, zuwa lambar ƙungiya ba ta wata mamba ba. Kowane mai shago an ba shi rabin lita ya kai gida, domin idan aka tambaye shi "Alhaji, yana da kyau?" ya amsa da abin da aka dafa masa, ba da abin da aka faɗa masa ba.

Talla ba a kai rediyo ba tukuna. Shago takwas ba sa ɗaukar gari guda, kuma wanda ya ji a rediyo ya nema sau biyu bai samu ba, ba zai nema na uku ba. An tsaya a WhatsApp, da murya ba rubutu ba, daƙiƙa 25, da Hausa da Fulatanci, muryar ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyar: "Salamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa. Man gyaɗa ne namu na hannu, ba gauraye. Ki ce wa yaro mai turmi, mai shuɗin murfi." Sai sunan, sau biyu, sai shagon da ya fi kusa da unguwar.

Kuskure a nan: an loda lambobi 240 a jerin aika saƙo ga mutane da yawa, wanda iyakarsa 256, aka zauna jiran amsa. Saƙon irin wannan jeri ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa a wayarsa. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku suka samu. Yanzu kowace mamba tana turawa da kanta ga danginta da ƙawayenta da zauren matan Islamiyyarta, tana roƙon a adana lambar. Ya fi jinkiri, amma saƙon da ya zo daga Goggo ana sauraronsa har ƙarshe.

Litinin, 17 ga Maris

Shaguna shida sun biya sun sake ɗauka. Ɗaya ya ɓoye kayan a ƙasan kanta, bai sayar da ko gora huɗu ba. An kai masa ɗan allon ƙarfe mai zanen turmi, santimita 30 da 40, an kafa a ƙofa, an roƙi ya ba man wuri daidai tsayin idon yaro, ba na babba ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Mako mafi muni zuwa yanzu. Ana saura kwana biyar sallah shuɗin murfi ya ƙare, wanda ke kawo shi daga Duwala ya ce sai bayan sallah. Akwai farare masu baki ɗaya, milimita 28, a nan gari. Aka ce ai man ɗaya ne, takarda ɗaya ce, aka rufe gora 96 da su.

Gora 31 suka dawo. Wasu iyaye sun mayar da yaran shago cewa an ba su jabu. Wani mai shago da kansa ya kira yana tambaya ko wani ne ya fara kwaikwayo. Ba laifin masu saye ba ne. Mu muka ce musu "mai shuɗin murfi", suka riƙe, kuma riƙewar ita ce abin da aka yi wata uku ana nema. An karɓi duk wadda ta dawo ba gardama, an aika saƙon murya na ba da haƙuri da bayanin abin da ya faru, an canja murafen da shuɗin ya iso.

Doka daga yau: murfi, takarda da ledar tsukewa, kowanne idan ya sauka zuwa 300 a sake oda, domin hanyar Duwala zuwa nan takan ci kwana goma ko fiye. Idan shuɗi ya yanke, kaya su tsaya. An kuma nemo mai kawowa na biyu, aka ajiye murfi ɗaya a ambulan a matsayin abin gwada launi.

Talata, 22 ga Afrilu

Tun Fabrairu ake ajiye gora biyu daga kowane rukuni, ɗaya a kwali cikin duhu, ɗaya a taga inda rana ke bugu, ana sansanawa duk Juma'a. Da zafin nan da ke haura digiri 40, ta taga ta fara warin tsohon mai da ɗan ɗaci a maƙoshi a mako na biyar. Ta cikin kwali har yau lafiya. Shaguna uku kuwa a teburin waje suke jera man domin a gani. An ba su gora marar komai mai takarda da murfi su sa a waje, mai mai ya zauna ciki. Wata shida da aka rubuta a takarda na ajiyar inuwa ne, za a ci gaba da sansanawa har Agusta kafin a yarda da shi.

Yajin ƙuli ya fito a wannan makon, shi ne ya maye gurbin gorar 500 da ba ta yiwu ba: giram 25 a sefa 100, da turmi ɗaya da shuɗi ɗaya. Da can kowace mace da hannunta, yajin Talata ba ya kama da na Asabar. Yanzu sikeli ne: a kowane kilo, garin ƙuli 600, barkono 150, citta 100, gishiri 60, masoro 30, kanumfari 20, kimba 20, busasshiyar tafarnuwa 20. Ledar mai kaurin mikron 80 ce, domin tun 2014 ake aiki da dokar hana leda marar ruɓewa da ba ta haura mikron 60 ba. Ana liƙe ta da injin zafi na hannu. Idan garin yaji ya taɓa bakin ledar liƙin ba ya kamawa, don haka da mazurari ake zubawa, a goge baki kafin a danna. An rubuta "yana ɗauke da gyaɗa" saboda masu rashin jituwa da ita.

Litinin, 12 ga Mayu

Mako biyu masu shaguna huɗu suna jan layi a takarda duk lokacin da aka sayi man, gwargwadon abin da mai saye ya faɗa. Cikin ciniki 140: "mai turmi" 71, "mai shuɗin murfi" 33, ainihin sunan 22, sauran 14 "man gyaɗa" kawai aka ce mai shago ya miƙa namu. Sunan da aka sha wahalar zaɓa shi ne na uku. Ba a yi asara ba, tunda zanen yana cikin abin da aka kai OAPI, amma bugu na gaba turmin zai ƙara girma da kashi ɗaya cikin huɗu, sunan ya zauna dab da ƙarƙashinsa yadda ido zai haɗa su.

Wani kanti a Ngaundere ya nemi kwali goma, da sharaɗin lambar zane-zane da na'ura ke karantawa. Wannan sai an shiga tsarin GS1, mai ba da waɗannan lambobi a duniya, inda lambobin Kamaru ke farawa da 617, kuma kanti irin wannan zai tambayi takardar ANOR, hukumar ingancin kaya ta Kamaru. An amsa masa cewa sai bayan damina. An aika kwali biyu na gwaji a motar kamfanin sufuri, kusan kilomita 280, gora uku suka yi yoyo domin an kwantar da kwalin an ɗora buhu a kai. Ana bukatar kwali mai ninki biyu da rabe-rabe a ciki, da kibiya babba a gefe huɗu.

Litinin, 26 ga Mayu

Gyaɗa ta tashi, kamar yadda take yi duk gabanin shuka. Buhu 70,000. Ko da ƙuli ya ɗan tashi zuwa 32,000, lita ɗaya a gora yanzu tana cin kusan 1,810, ana ba mai shago a 1,800. Kowace gora asara ce.

Hanya uku aka shimfiɗa a taro. A gauraya da man auduga ko na kwakwa mai araha, kashi ɗaya cikin biyar, wai ba wanda zai gane. Masu ƙosai shida za su gane a kaskon farko, kuma saƙon muryar ya ce "ba gauraye". A rage gora zuwa santilita 90 a bar farashi. Wannan sai an sake takarda an rubuta gaskiyar yawan, ga gora 400 na lita ɗaya a ajiye. Ko a ƙara kuɗi a fili. Ita aka ɗauka: daga 9 ga Yuni mai shago zai ɗauka 2,000 ya sayar 2,200, rabin lita 1,000 zuwa 1,100. Canjin zai ba da wahala, an sani. Saƙon murya zai fita gobe da dalilin, kusan mako biyu kafin ranar, domin uwa ta ji daga bakinmu kafin yaro ya dawo ya ce kuɗin bai kai ba.

An buɗe asusu daban da za a riƙa zuba 50 daga kowace lita, domin sayen gyaɗa lokacin kaka a Ngong da Pitoa, a ajiye ta da ɓawonta a kan katako nesa da bango. Ɗakin ajiyar da aka duba jiya rufinsa yana zuba a kusurwar gabas, an nemi mai gyara ya zo ranar Alhamis.